Yadda za ka tsare layinka, asusunka da mutuncinka daga 'yan damfarar intanet

Waya takan yi ƙara ne da yammacin Juma'a, lokacin da bankuna suka riga suka rufe ƙofa kuma babu inda za ka je ka tambaya sai ranar Litinin. Mai kiran zai yi sallama cikin ladabi, ya ambaci cikakken sunanka, ya faɗi bankin da kake ajiya, sannan ya sanar da kai cewa an samu matsala a BVN ɗinka, kuma za a rufe asusunka kafin magariba idan ba a gyara ba. Gyaran a cewarsa ba shi da wuya, wata lamba ce za ta shigo wayarka yanzu, sai ka karanta masa. Idan ka karanta, kafin ka ajiye wayar alat ɗin fitar kuɗi ya fara shigowa.

Abin da yake ruɗar mutane a irin wannan kira shi ne sanin sunan, alhali kuwa sanin sunan mutum ba wani aiki ba ne. Duk wanda ya rubuta lambar asusunka a manhajar banki kamar zai tura maka kuɗi zai ga cikakken sunanka, kuma a OPay da PalmPay lambar wayar mutum ita ce lambar asusunsa idan aka cire sifilin farko. Saboda haka wanda ya san sunanka da bankinka bai nuna maka wata shaida ba. Abin da yake nema shi ne wanda ba shi da shi, kuma ba zai same shi ba sai daga bakinka, shi ya sa yake ƙoƙarin firgita ka ko kwaɗaita maka wani abu, don ka yi magana kafin ka yi tunani. Duk sauran matakan da za a ambata a nan suna tafiya ne a kan wannan: wanda ya matsa maka lamba cewa sai yanzu-yanzu, ka tsaya, ka kashe wayar, ka bincika ta wata hanya dabam da wadda shi ya nuna maka.

Lambobin da ake bayarwa da waɗanda ba a bayarwa

Lambar asusu mai alƙaluma 10 an yi ta ne don a bayar, kuma babu wanda zai cire kuɗinka da ita kaɗai. Waɗanda ba a bayarwa su ne lambar sirri ta katin ATM, da doguwar lambar da ke jikin katin tare da ranar ƙarewarsa da alƙaluma uku na bayansa, da lambar sirrin tura kuɗi ta waya, da lambar nan ta wucin gadi da banki yake turowa, wadda ake kira OTP. Ma'aikacin banki na gaskiya ba ya buƙatar ko ɗaya daga cikinsu don ya yi aikinsa, ko da kuwa a cikin bankin kake zaune a gabansa. Idan an kira ka da sunan banki, ka katse kiran, ka nemi lambar da aka buga a bayan katinka ka kira da kanka, ko kuma ka haƙura har ka je reshe. Babu asusun da yake lalacewa saboda mai shi ya jira kwana biyu.

A wurin mai POS da bakin ATM ma akwai ladubban da ya kamata a kiyaye. Ka danna lambar sirrinka da hannunka, ka kare da ɗaya hannun, kada ka faɗe ta da baki don a danna maka, kuma kada katinka ya ɓace wa idonka, domin ɗaukar hoton gaba da bayan kati ba ya cin daƙiƙa biyar. A layin ATM akwai masu zuwa da sunan taimako, su karɓi katin dattijo su mayar masa da wani mai kama da shi bayan sun ga lambar da ya danna. Wanda yake da mahaifi ko mahaifiya da ba su iya amfani da na'urar ba, ya fi kyau ya raka su da kansa ko ya haɗa su da amintacce guda ɗaya, kuma ya hana su rubuta lambar sirri a jikin katin ko a takardar da suke naɗe shi da ita.

BVN, wadda Babban Bankin Najeriya ya ɓullo da ita a 2014, da NIN ta hukumar NIMC, kowacce tana da alƙaluma 11, kuma matsayinsu ya ɗan bambanta da na lambar sirri, domin akwai wuraren da dole ka bayar da su, kamar buɗe asusu, rajistar layi, neman fasfo ko rajistar jarrabawar JAMB. Abin kiyayewa shi ne ka bayar da su a inda kai ka je da ƙafarka ko a shafin da ka tabbatar na hukumar ne. Akwai matasa masu yawo unguwa-unguwa suna sayen NIN da hoton fuska a kan 'yan dubbai kaɗan, wani lokaci da sunan rajistar tallafi, kuma mutane suna bayarwa saboda halin matsi da ake ciki. Wanda ya sayar ya sani cewa da bayanan nan ake buɗe asusun karɓar kuɗin sata, ake yi wa layi rajista, kuma tun da aka fara haɗa layukan waya da NIN a ƙarshen 2020, idan aka yi kiran neman kuɗin fansa da layin da ke ɗauke da sunanka, ƙofar gidanka jami'an tsaro za su fara ƙwanƙwasawa. Haka nan ba da aron asusu don wani ya karɓi kuɗi ya ba ka lada, hukuncinsa ɗaya ne, domin sunanka ne a takarda. Ko kwafin takardun da ake barin su a shagon fotokwafi abin lura ne. Duk wanda ya taɓa sayen ƙosai ya ga an naɗe masa shi a tsohon fom mai ɗauke da suna da hoto da lambar wayar wani, ya san inda irin waɗannan takardu suke ƙarewa.

Layin waya shi ne makullin gidan

Mutane sun fi damuwa da wayar da aka sace fiye da layin da ke cikinta, alhali ga ɓarawon da ya san aikinsa, layin ya fi wayar daraja. Yakan zare sim ɗin ya sa a ƙaramar waya, ya danna *565*0# ya ga BVN ɗin mai layin, ya duba tsofaffin saƙonni ya gane bankinsa, daga nan ya shiga gwada sayen katin waya da kuɗin asusun, ko canza lambar sirri, ko ma cin bashi da sunan mai layin, domin duk lambar tabbatarwa da za a turo hannunsa za ta faɗa. Kulle fuskar waya da zane ko yatsa ba ya hana wannan, tunda sim ɗin ya riga ya bar wayar.

Maganin abin yana cikin kowace waya, kuma ba ya cin minti biyu: a sa wa sim ɗin kansa lambar sirri. Ana samun wurin a saitunan tsaro na waya, a ƙarƙashin kulle katin sim, inda za a nemi lambar asali da kamfanin layin ya sa, sannan ka canza ta zuwa taka. Daga ranar, duk lokacin da aka kashe wayar aka kunna, ko aka mayar da sim ɗin wata waya, ba zai yi aiki ba sai an shigar da lambar. Sai dai a yi hattara, domin kuskure sau uku yana kulle layin har sai an kawo lambar PUK da ke jikin katin da aka ɓallo sim ɗin daga ciki, kuma kuskuren PUK sau 10 yana kashe sim ɗin gaba ɗaya. Don haka kada ka yi ta cinke. Ka tambayi kamfanin layinka lambar asali, ka kuma adana wancan katin a gida. A wannan zama ɗaya ka danna *#06# ka rubuta lambar IMEI ta wayarka, wato lambar shaidar wayar kanta mai alƙaluma 15, ka kuma saita wayar ta daina nuna abin da saƙo ya ƙunsa idan fuskarta tana kulle.

Idan waya ta ɓata, tsarin abin da za a fara yi yana da muhimmanci. A fara da rufe asusun banki, ba da neman wayar ba. Bankuna suna da gajeriyar lambar da ake dannawa daga wayar kowa don a dakatar da asusu, kuma ya kamata ka tambayi bankinka tasa tun yau, ka rubuta ta a takarda ka ajiye a aljihu ko a gida, domin wadda aka adana a cikin wayar ta tafi tare da ita. Bayan haka a kira kamfanin layi a rufe layin, a je ofishinsu a yi welkam bak, wato a karɓi sabon sim mai lambarka ta da, sannan a kai rahoto ga 'yan sanda da lambar IMEI. Haka kuma idan layinka ya ɗauke sabis kwatsam alhali na maƙwabta masu irin layinka yana aiki, kada ka ɗauka matsalar sabis ce kawai ka kwana a kai, domin yana yiwuwa wani ne ya yi welkam bak da sunanka.

Akwai wani ramin da mutane ba su cika lura da shi ba, wato tsohon layi. Layin da aka daɗe ba a amfani da shi kamfani yakan sake sayar da shi ga wani, kuma idan har yanzu yana haɗe da asusunka, sabon mai shi zai riƙa ganin alat ɗinka. Kafin ka yar da layi ka je banki ka canza shi, ka cire shi daga Facebook da imel ɗinka, kuma magada su yi hakan ga layin mamaci kafin a gama rabon gado. Wanda zai kai waya gyara, a Farm Centre ta Kano ne ko a shagon bakin titi, ya zare sim da memori ya tafi da su, wanda kuma zai sayar da waya ya fita daga asusunsa na Google ya goge komai ya mayar da ita yadda ta fito daga kamfani.

WhatsApp, Facebook da saƙonnin tallafi

Satar WhatsApp ta fi yawa a rukunonin 'yan makaranta ɗaya, na masallaci, na ma'aikata da na 'yan'uwa. Wani zai kira ka ya ce shi ɗan rukuninku ne, za a yi taro ta intanet da daddare, kuma an turo maka lambar shiga taron mai alƙaluma shida, ka karanto masa don ya sa sunanka. Lambar nan ita ce ta ɗora WhatsApp ɗinka a wayarsa. Da zarar ya shiga, zai bi mutanenka ɗaya bayan ɗaya yana cewa kana asibiti ko manhajar bankinka ta ƙi aiki, a ranta maka dubu hamsin zuwa gobe. Rigakafin shi ne ka shiga saituna, sashen asusu, ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu, ka zaɓi lamba shida da kai kaɗai ka sani, ka haɗa da imel. Ka riƙa duba jerin na'urorin da aka haɗa da asusunka kana cire wadda ba ka gane ba. Idan an riga an ƙwace, ka sake rajista da lambarka nan take, domin layin yana hannunka. Idan ɓarawon ya riga ya sa tasa lambar ta mataki biyu, za ka jira kwana bakwai, kuma a cikin kwanakin nan wajibinka ne ka sanar da mutane ta kira da ta bakin wasu cewa kada kowa ya tura kuɗi.

Idan kai ne saƙon neman rancen ya zo wa, ka kira mutumin ta layi ka ji muryarsa, ka kuma duba sunan da ke kan asusun da aka turo. Uzurin cewa asusun na abokinsa ne ko na mai POS ya isa ya sa ka dakata. Yanzu da ake iya kwaikwayon muryar mutum da kwamfuta, saƙon murya ma bai wadatar ba, gara ka yi masa tambayar da shi kaɗai zai iya amsawa, kamar abin da kuka tattauna a haɗuwarku ta ƙarshe.

Game da kalmar sirri, da yawa daga cikinmu wani ne ya buɗe mana Facebook ko imel a shagon caji shekaru da suka wuce, ya sa lambar wayarmu ko shekarar haihuwa a matsayin kalmar sirri, kuma har yau ba a canza ba. A canza ta zuwa doguwar jimla da ta haɗa kalmomi huɗu ko biyar marasa alaƙa da juna, kuma kowane asusu ya samu tasa, musamman imel, tunda ta nan ake dawo da duk sauran. A ganina rubuta su a ɗan littafi a kulle a durowar gida ya fi aminci nesa ba kusa ba a kan amfani da kalma ɗaya a ko'ina, domin ɗan damfarar da ke wata jiha ba zai iya buɗe durowarka ba.

Saƙonnin tallafi kuwa suna da lokutansu: gab da azumi, kafin sallah, lokacin zaɓe, da duk sanda gwamnati ta sanar da wani shiri. Za a ce ana raba kuɗi ko data kyauta, ko an buɗe ɗaukar ma'aikata a Kwastam ko soja, a cika fom a kuma tura wa rukunoni biyar. Adireshin shafukan hukumomin gwamnatin Najeriya yakan ƙare da .gov.ng, na rundunonin soja kuma da .mil.ng, kuma babu hukumar da take sharɗanta tura saƙo ga rukunoni kafin ta ba ka haƙƙinka. Kada a sauke manhajar da aka turo ta WhatsApp, har da jabun WhatsApp ɗin nan da ake yayi saboda suna nuna saƙon da aka goge, domin manhaja irin wannan tana iya karanta duk saƙon banki da ya shigo wayar.

Ciniki da zuba jari

Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023, har mai shayi da mai kayan miya sun koma karɓar tiransifa, kuma alat na bogi ya samu kasuwa. Saƙon tes da hoton rasit duk ana iya ƙirƙirar su. Shaida ɗaya ita ce ka buɗe manhajarka ko ka danna lambar bankinka ka ga kuɗin sun ƙaru, kuma kaya ba sa barin shago kafin haka, ko da mai sayen ya zo da babbar riga da mota. Wanda ya ce ya turo maka kuɗi bisa kuskure, ka tabbatar sun shigo, sannan ka mayar ta hanyar banki zuwa asusun da suka fito, ba wani asusun dabam da zai karanto maka ba. Mai sayen atamfa, leshi ko waya daga shafin Instagram kuma ya nemi a nuna masa kayan ta kiran bidiyo, ya duba ko sunan asusun ya dace da na mai shagon, idan kuɗin da yawa ya sa wani nasa da ke garin ya je ya gani da ido. A Nijar ma, inda aka fi aika kuɗi ta kamfanoni irin su NITA da Amana, ƙa'idar ba ta canza ba: bayanin karɓar kuɗi na wanda aka aika wa ne shi kaɗai.

Damfarar zuba jari ta fi kowacce cin mutane da yawa a lokaci ɗaya. Shirin zuba jari na intanet mai suna MMM ta yi alƙawarin ribar kashi 30 cikin ɗari a wata, ta daskarar da kuɗin mutane a Disamban 2016. CBEX ta yi alƙawarin ninka kuɗi cikin kwana 30, ta rufe a Afrilun 2025. Tsakanin waɗannan biyu an yi wasu da dama, wasu ma da rigar addini, ana kiran abin kasuwancin halal ko noma ko kiwon kaji. Dukkansu da kuɗin sababbin shiga ake biyan tsofaffi, shi ya sa biyan farko yakan zo a kan lokaci, kuma shi ya sa wanda zai jawo ka yawanci ɗan'uwanka ne ko abokinka da ya karɓi nasa da gaske, yake kuma rantsuwa da zuciya ɗaya. Ganin alat ɗinsa ba hujja ba ce. Takardar rajistar CAC ma ba lasisin karɓar jarin jama'a ba ce, shaidar rajistar kamfani ce kawai. Hukumar SEC mai kula da kasuwar hannun jari ce take ba da wannan izini, tana da jerin sunayen waɗanda ta yi wa rajista a shafinta, kuma dokar zuba jari ta 2025 ta haramta irin wannan tsari ƙarara tare da tanadin ɗauri. Tambayar da za ka yi ita ce wace sana'a ake yi da kuɗin har take kawo wannan riba, kuma me ya sa mai ita bai je banki ya ci bashi mai sauƙin ruwa ya cinye ribar shi kaɗai ba. Banza dai ba ta kai zomo kasuwa. Matasa masu haƙar Pi da sauran kuɗaɗen kirifto su kuma su sani cewa jerin kalmomin sirrin nan na asusunsu, 12 ne ko 24, duk shafin da ya nemi a rubuta su don a “tantance” ko a “saki” kuɗi, na ɓarayi ne.

Masu farautar 'yan mata, yara da zawarawa

Wannan ɓangare ya fi na kuɗi nauyi, domin abin da ake rasawa a nan ba ya dawowa ta hanyar banki. Mai farauta ba ya gaggawa a farko. Yakan ɗauki makonni yana gaisuwa, yana yabo, yana tura katin waya da data, yana sauraron ƙorafin yarinya a kan gidansu ko na bazawara a kan tsohon mijinta, har ya zama shi ne wanda ya fi kowa fahimtarta. Daga nan sai maganar aure, sai roƙon a bar abin a tsakaninsu tukuna saboda mahassada, sai neman hoto ba mayafi, sai wanda ya fi wannan. Ranar da hoton ya shiga hannunsa murya takan canza, ya koma barazanar tura wa mahaifinta ko mijinta ko rukunin unguwa idan ba a ba shi kuɗi ko abin da ya fi kuɗi muni ba. Samari ma ba su tsira ba, domin ana buɗe shafi da hoton mace a ja su zuwa kiran bidiyo a naɗa. A Yulin 2024 kamfanin Meta, mai Facebook da Instagram, ya sanar da rufe shafukan Instagram kimanin 63,000 daga Najeriya masu alaƙa da wannan sana'a, kuma a Satumban shekarar wata kotu a Amurka ta ɗaure wasu 'yan'uwa biyu daga Legas shekara 17 da rabi kowannensu, bayan wani yaro ɗan shekara 17 a jihar Michigan ya kashe kansa sakamakon barazanarsu.

Hoton da aka tura ya fita daga ikon mai shi har abada, kuma tsarin nan na gani sau ɗaya ba kariya ba ne, tunda ana iya ɗaukar fuskar wayar da wata waya. Amma idan abin ya riga ya faru, kada a biya, domin biyan farko yana tabbatar masa cewa akwai tsoro kuma akwai kuɗi, sai ya dawo. A ɗauki hoton saƙonninsa da lambarsa da asusun da ya turo kafin a toshe shi, a kai ƙarar shafin ga kamfanin, a kuma faɗa wa babba guda ɗaya da aka amince da shi a ranar. Akwai shafin StopNCII na manya da Take It Down na waɗanda ba su kai shekara 18 ba, waɗanda suke taimakawa wajen hana hoton yaɗuwa a manyan dandamali ba tare da hoton ya bar wayar mai shi ba. Dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ta sa irin wannan barazana cikin laifuka.

Jarin mai wannan barazana kunya ce, kuma a ƙasar Hausa ya san tana da tsada. A nan ne nake ganin iyaye suke da babban aiki. Yarinyar da ta tabbata cewa duka da gori da cire ta daga makaranta ne za su biyo bayan faɗin gaskiya, za ta zaɓi ta yi shiru ta ci gaba da biyan ɓarawo, ko ta saci kuɗin gida, ko ta je inda ya kira ta. Ya kamata uwa da uba su faɗa wa 'ya'yansu tun kafin komai ya faru cewa duk wanda ya tsorata su a waya, ko da su ne suka fara yin kuskure, su zo su faɗa, za a fara da kare su kafin faɗa. Ƙa'idar Facebook da TikTok da Instagram ita ce sai wanda ya kai shekara 13 zai buɗe shafi, wayar ƙaramin yaro kuma ana iya haɗa ta da ta iyaye ta manhajar Family Link ta Google, sannan kwanan waya a ɗakin iyaye ya fi duk wata manhaja aiki. Su ma iyayen su rage ɗora hotunan yara da kayan makaranta mai ɗauke da suna, da hoton ƙofar gida, da sanar da tafiya kafin a dawo, a wannan zamani na garkuwa da mutane.

Haɗuwa da wanda aka sani ta intanet kuma tana da nata sharuɗɗa. A Yulin 2012 wasu da Cynthia Osokogu ta sani ta Facebook suka gayyace ta Legas da sunan harkar kasuwanci, alhali tana karatun digiri na biyu a Jami'ar Jihar Nasarawa da ke Keffi, suka kashe ta a wani otal a Festac, kuma a 2017 kotu ta yanke wa biyu daga cikinsu hukuncin kisa. A Afrilun 2021 Iniubong Umoren ta rubuta a Twitter cewa tana neman aiki, wani ya kira ta ganawa a wajen garin Uyo, ba ta dawo ba. Saboda haka ganawar neman aiki a ofishin da aka sani ake yin ta da rana, ciniki a cikin jama'a, tare da ɗan rakiya, bayan an bar wa na gida suna da lamba da adireshin inda za a je. Mai maganar aure kuwa al'adarmu ta riga ta yanke masa hanya: ya zo gida, a san asalinsa, ya turo magabatansa. Wanda ya shekara yana soyayya a waya amma kullum da uzurin da zai hana shi zuwa, ko ya fara neman rancen kuɗin mota ko na fito da kaya daga tashar jirgi, ya riga ya ba da amsa. Tayin aikin gida a Saudiyya ko Libiya da aka gani a Facebook, wanda aka ce kada a faɗa wa kowa kuma za a biya kuɗin tafiya daga baya, a tuntuɓi hukumar NAPTIP mai yaƙi da safarar mutane kafin a miƙa fasfo. Masu kiran tsakar dare da sauya murya suna cewa su aljanu ne ko wani malami da ya ga abin da zai same ka, su ma 'yan damfara ne kamar sauran, a kashe waya a toshe lambar.

Idan an riga an cuce ka

Mintunan farko su ne masu amfani, domin kuɗin sata ba sa kwana a asusu ɗaya. Ka kira bankinka nan take ka rufe asusu da kati, ka ba su lambar asusun da kuɗin suka tafi, da adadi da lokaci, ka nemi su tuntuɓi ɗaya bankin don a riƙe kuɗin. Washegari ka je reshe ka shigar da ƙorafi a rubuce, ka karɓi lambar ƙorafin, domin da ita za ka ɗaukaka maganar zuwa sashen kare masu hulɗa da bankuna na Babban Banki idan ba a warware ba. Ka kai rahoto ga 'yan sanda, waɗanda suke da cibiyar yaƙi da laifukan intanet a Abuja, ko ga EFCC, kuma sau da yawa sai da umarnin kotu banki yake iya mayar da kuɗin da aka riƙe. Matsalar layi ana kai ta ga hukumar sadarwa ta NCC ta lamba 622 idan kamfanin bai saurare ka ba, amfani da bayananka ba da izini ba kuma yana ƙarƙashin hukumar NDPC bisa dokar kare bayanai ta 2023. Kada ka goge saƙo ko ɗaya, ko da ganinsa yana ƙona maka rai.

Bayan 'yan kwanaki akwai yiwuwar wani ya tuntuɓe ka, musamman idan ka ba da labarin a Facebook, ya ce shi jami'i ne ko ƙwararren mai kutse da zai dawo maka da kuɗinka idan ka biya kuɗin buɗe fayil. Sau da yawa mutanen farko ne suka dawo da wata lamba, ko wasu da suka sayi sunanka a hannunsu. EFCC ba ta karɓar kuɗi kafin ta karɓi ƙorafi, kuma ƙorafin a rubuce ake kai shi ofishinta, wanda take da shi a Kano, Kaduna, Sakkwato, Gombe da Maiduguri.